Maɓallin da Na Kashe da Hannuna

Masu karatu, yau ba hirar anko za mu yi ba. Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Salomi, yaushe za mu sha biki?", ku ja kujera ku zauna, don abin da ya faru a makon nan ya sa ni kaina ban san amsar ba.

Wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Salomi. Asalinmu Wusasa ce ta Zariya, amma a Sabon Garin Kano aka yanke min cibiya, kuma nan nake zaune ni da Mama, wadda ta ƙarar da ƙarfinta wajen koyar da 'yan firamare har ta yi ritaya. Sana'ata ɗaukar hoto a taron mata zalla: kamu, sa lalle, yinin biki. Wuraren da ake rufe ƙofa a ajiye mayafi, a turo ɗauri gaban goshi, a cashe babu tsoron idon kowa. Kada in yi muku ƙarya, ba don na fi kowa iya riƙe kyamara ake kirana ba. Ana kirana ne don ni mace ce, kuma an shaide ni: hoton da na ɗauka a gidanki ba zai taɓa ɓulla a wayar wata ba.

Sai kuma Somto. Somtochukwu ne cikakken sunan. Ibo ne, amma a nan aka haife shi, in ya juya baya yana Hausa sai ku rantse ɗan Fagge ne. Gyaran kwamfuta yake yi a wani layi bayan Kasuwar Sabon Gari. Mutum ne mai sanyin magana, mai tsabtar farce, irin wanda in ya ga wayar caja a cukurkuɗe sai ya warware ta ko ta wace ce. Mama kam ta gama mutuwa a kansa. Tun da ya tayar mata da rediyon da marigayi Baba ya bari take ce masa "ɗana", ni kuma na koma "ke". Kawunsa yana so su zo gaisuwar neman aure, kullum da safe kafin in wanke baki sai Mama ta tambaye ni wace rana zan ba su.

To, ga yadda aka yi.

Hajiya Yalwa ta Rijiyar Lemo ta aurar da 'yarta Rumasa'u a watan da ya wuce. Kafin ta ba ni aikin sai da ta zaunar da ni a falonta, ta sa aka kawo min zoɓo mai sanyi da ya sha kanumfari, ta dube ni ta saman tabarau.

"Salame," haka take kirana, wai Salomi yana mata nauyi a baki. "Sharaɗina biyu ne. Namiji ba zai gani ba, intanet ba zai gani ba. Ko ta WhatsApp ban yarda ki tura wa kowa ba, har ita amaryar. Mai so ta kawo filas ɗinta na kwamfuta ki zuba mata a gabana."

Na ce, "Hajiya, kwamfutata ba ta aika komai waje. Da hannuna na toshe duk wata kafa."

Ba cika baki na yi ba. Kwamfutar ta zo da nata maganin bairos, wato cutar kwamfuta, tun daga kamfani, ba sai an saya an saka mata ba. Ranar da na saye ta na shiga saitinsa ina leƙe-leƙe, na tarar da maɓallai biyu da suka tsaya min a rai. Na farko shi ne kariyar da suke ce wa ta kilawud: in kwamfuta ta ga fayil ɗin da ba ta yarda da shi ba, sai ta tura bayaninsa can manyan na'urorin kamfanin a wata ƙasa, ta tambaya ko mugu ne. Na biyu kuwa, in bayanin bai isa ba, ta ɗauki fayil ɗin kansa ta aika musu su bincika. Zancen aikawar nan bai kwanta min ba. Na kashe duka biyun. Tun daga ranar wata 'yar alamar gargaɗi ruwan ɗorawa ta tare a ƙasan allona, muka zauna tare kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa.

An yi biki, kuma ya amsa sunansa. Ranar yini aka kafa kiɗan ƙwarya a tsakar gida, an sha anko na atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ƙamshin humra da turaren wuta kamar ya ɗaga mutum. Hajiya tana gefe a kan darduma cikin leshi ruwan toka, tana amsa gaisuwa. Tun rasuwar mijinta Alhaji bara waccan, an ce ba a sake jin dariyarta daga soro ba. Can da yamma masu ƙwarya suka juya kiɗa zuwa wata tsohuwar waƙa da aka yi mata ranar nata bikin. Ban san lokacin da ta miƙe ba. Ta shiga fili tana takawa a hankali, sai ƙafa ta tuna abin da ta sani. Ɗankwalinta ya zame ya faɗi, ga kitson shuku fari fat, ga hannu a sama, ga baki buɗe da dariya, hawaye na bin kumatu. Na danna. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa ɗaukar hoto kamarsa ba, kuma tun a wurin na san haka. Rumasa'u ta leƙa bayan kyamarar ta gani, ta riƙe min hannu gam ta ce, "Anti Salomi, wannan shi ne gudummawata. Ko duk sauran sun ɓace, ki ajiye min wannan."

Ina tsakiyar gyaran hotunan fankar kwamfutar ta fara kuka kamar injin markaɗe. Na rufe ta a gurguje na kai wa Somto. Ya ce sai ya kwance ya share ta, kuma yana buƙatar lambar sirrina don ya gwada in ya ɗaure. Na ba shi, na shiga kasuwa sayo wa Mama zaren saƙa, na dawo na ɗauki abata ta yi shiru kamar sabuwa. Na gode masa har da tsokana, wai likitan da ba ya karɓar kuɗin kati.

Ranar Talatar nan aka sa za a raba hotuna. Na isa Rijiyar Lemo da hantsi cikin doguwar rigata ta adire da ƙaramin gyale, na tarar falon ya cika da gwaggwanni da ƙannen uwa, kowacce da filas ɗinta. Wata ta ƙulle nata a haɓar zani, wata ta ciro daga ledar magani, wata nata aro ne har da sunan mai shi a jiki. Manhajar gyaran hoton ta yi halin nata, ta ƙi buɗewa sai ta ga intanet, dole na kunna data a waya na haɗa su. Na fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, Hajiya tana zaune kusa da ni tana sa ido kamar mai gadin jarrabawa.

Sai aka zo kan Gwaggo Lantana, yayar marigayi Alhaji. Filas ɗinta baƙi ne, ya sha duniya, an ɗaure shi da zaren buhu.

"Wannan ba ya ƙin kowace kwamfuta," in ji ta cikin alfahari. "Duk shagon buga takardu na Fagge sun san shi, da shi nake kai takardun ƙungiyarmu ta mata."

Na soka shi. Kwamfutar ta ɗan yi jim, sai ga saƙo ya faso daga ƙasan allo: an kama wani mugun fayil, an killace shi.

"Mene ne?" Hajiya ta tambaya.

"Cuta ce a filas ɗin Gwaggo, Hajiya. An kama ta, ba ta shiga ba."

"Filas ɗin nawa?" Gwaggo Lantana ta dafe ƙirji. "Ke 'yar nan, ki iya bakinki. Ni ko mura ban yi ba bana."

Falon ya kwashe da dariya, har da ni. Ina cikin dariyar idona ya sauka a ƙasan allo, inda maƙwabciyata ruwan ɗorawa take zama. Babu ita. Wata koriyar alama ce a wurin, tana nuna komai lafiya. Na shiga saitin. Maɓallan nan biyu da na kashe, ga su nan a kunne, duka biyun.

Jama'a, ban san yadda na gama zuba sauran hotunan ba. Na ce wa Gwaggo ta bari in wanke mata nata in dawo da shi. Hajiya ta sa aka ƙulla min dubulan da alkaki a leda, tana ta sa min albarka, ni kuwa kowace albarka sai in ji ta kamar mari. Mutum ɗaya ne ya taɓa kwamfutar nan bayan ni.

Daga nan adaidaita na hau, ban tsaya ko'ina ba sai shagon Somto. Na same shi a sunkuye kan wata kwamfuta da ya farke wa ciki, sukundireba a baki. Ya ɗago yana murmushi.

"Madam mai kyamara, yau da rana tsaka? Kin ci abinci kuwa?"

Na ajiye kwamfutar a kan teburinsa, na buɗe, na juya masa allon. "Wa ya kunna waɗannan?"

Murmushin ya ragu, amma bai ɓace ba. "Ni ne. Ranar fanka."

"Na ce ka kunna?"

"Ba ki ce ba. Salomi, na ga abu a kashe wanda bai kamata a kashe ba. In kin kawo mota gyaran taya na ga babu birki, sai in yi shiru?"

"Sai ka gaya wa mai motar."

Ya ajiye sukundireban, ya jawo kwamfutar ya duba abin da aka kama. Ya daɗe yana karantawa, sannan ya yi wani ɗan fito.

"Kin san mene ne wannan? Sabo ne fil. Irin wanda in ya shiga yake kulle duk fayil ɗin da ya samu, wani ma sai ya kwashe ya tura wa mai shi kafin ya kulle. Maganin da ke cikin kwamfutarki yana da sunayen ɓarayin da ya sani, wannan bai shiga ciki ba tukuna. Da ya gan shi bai gane shi ba, sai ya riƙe shi a bakin ƙofa ya tambayi kamfani, suka ce kada a bar shi. Da maɓallin nan a kashe yake, da yanzu hotunan Hajiyar taki suna hannun wani ƙato da ba ki san ƙasarsu ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta fi ƙona min rai fiye da a ce ƙarya ya yi.

"To me ya fita daga kwamfutata?" na tambaya.

"Bayanin wancan fayil ɗin. Sunansa, girmansa, inda aka same shi, da wasu bayanai na ita kwamfutar. Wataƙila da shi kansa fayil ɗin. Ba hoto ba. Ba hoton biki suke nema ba, mugun kaya suke nema. In ma abu ya yi kama da na sirrin mutum, sun ce sai an tambaye ki kafin a aika."

"Sun ce."

"Sun ce," ya amsa, ya ɗaga kafaɗa. "Ban taɓa shiga ofishinsu ba, ba zan rantse miki a kan abin da ban gani ba. Amma ki duba aikinki. Filas nawa kike sokawa a mako? Kowanne ya kwana a shagon da ba ki sani ba. Su Hajiya sun gudu daga intanet sun faɗa hannun filas, kuma filas ɗin ya fi intanet ɗin yawo. Ke kuma kin kulle tagar da mai gadi yake leƙawa ya nemi taimako, kin bar ƙofar gida a buɗe."

"Akwai tsaka-tsaki?"

"Akwai. Ki bar na farkon a kunne, ki kashe na biyun. Zai riƙa tambayar kamfani a kan abin da bai gane ba, amma in suna son fayil ɗin kansa sai ya nemi izininki. Sai dai ki sani, kafin ki gani ki amsa, wani lokacin ɓarawo ya riga ya shige. Kowanne kika ɗauka akwai abin da kika bayar."

Na jawo kwamfutar gabana na yi yadda ya ce. Na bar na farko, na kashe na biyu. Alamar ruwan ɗorawa ta dawo mazauninta.

"Ka ga wannan bayanin da ka yi min yanzu?" na ce. "Shi ya kamata ka yi min ranar fanka."

"Da kin ƙi."

"Wataƙila. Amma da ni na ƙi."

Ya shafa kai. "Salomi, don ke na yi. Ban ga abin faɗa a nan ba, wallahi. An tsira fa."

Na rufe kwamfutar na saka a jaka. Ya biyo ni har bakin titi yana cewa in tsaya ya sayo min gurasa, ban juyo ba.

A gida na tarar da Mama a baranda tana gyaran zogale, rediyon Baba a gefenta yana ta surutu. Na zauna a kan turmi na kwashe komai na gaya mata. Ta saurara har na gama, ba ta daina tsinke ganyen ba.

"To yanzu laifinsa me?" ta ce. "Ya tsare miki mutunci kin zo kina kumbura kamar fanke."

"Mama, na ba mata kalmata. Na ce babu abin da ke fita. Ashe duk kwanakin nan ƙarya nake yawo da ita ban sani ba."

"Hoto ya fita?"

"Bai fita ba."

"To ki rufe bakinki. Ita Hajiyar ta san wani kilawud? Za ki je ki tayar wa baiwar Allah da hankali a kan abin da ko sunansa ba za ta iya faɗa ba." Ta watsa ganye a tire. "Babanku haka yake. Sai in tashi in ga ya canza kwaɗon ƙofa, ya sayar da tsohon risho ya sayo sabo, bai ce min uffan ba. Haka masu kula suke."

"Kina jin daɗi in ya yi hakan?"

Hannunta ya tsaya. "Rishon nan na uwata ne," ta ce a hankali. Sai kuma ta gyara murya kamar ta tuna ita ce babba. "Ke ni kada ki juya min magana. Asabar ta yi wa su kawun Somto su zo gaisuwar ko ba ta yi ba? Mutane na jira."

Na tashi na shige ɗaki. Saƙonnin Somto sun riga ni isa.

"Kin isa lafiya?"

"Ki yi haƙuri in ranki ya ɓaci."

"Amma ki yi tunani, da ban kunna ba fa?"

Wannan "in" ɗin da wannan "amma" ɗin su suka hana ni amsawa. Na kwanta ina kallon silin ina juya maganar. Ina son Somto, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ku kanku kun gaji da jin yabonsa a bakina. Kuma ya yi daidai a kan bairos, ni ce na yi wauta da na ɗauka toshe kunne shi ne tsaro. Amma Hajiya ba kwamfuta ta ba wa amana ba, ni ta ba wa. In na yi shiru don ba za ta gane ba, to me ya raba ni da wanda ya kunna min maɓalli don ya san zan ƙi?

Washegari na wanke filas ɗin Gwaggo Lantana, na zuba mata hotunanta, na koma Rijiyar Lemo. Hajiya ita kaɗai ce a falo, ta idar da walaha tana zaune a kan darduma da carbi. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye filas ɗin, na kasa tashi.

"Salame, lafiya? Fuskarki kamar wadda aka aiko da saƙon mutuwa."

Na yi mata bayani da Hausar da ta fi sauƙi. Na ce kwamfutar tana da mai gadi, mai gadin yana da waya da yake kiran uban gidansa in ya ga baƙon da bai sani ba. Na ce ni na yanke wayar kafin in yi mata alkawari, amma wanda ya gyara min fanka ya haɗa ta ban sani ba, kuma wannan wayar ce ta hana cutar filas ɗin Gwaggo kwashe hotunan. Na ce iya sanina hoto ko ɗaya bai fita ba, amma abin da na gaya mata a falon nan bai zama gaskiya ba, shi ya sa na zo.

Mama ta ce Hajiya ba za ta gane ba. Ta gane sarai.

"Wato da ta fita da ba ta fita ba, duk sai abin da mutanen can suka ce."

"Haka ne, Hajiya."

"In an yanke wayar kuma, ɓarawo ya shigo ta hannun Lantana." Ta girgiza kai, har ta ɗan murmusa. "Ikon Allah. Mu muna nan muna ƙulle filas a haɓar zani." Ta ja carbi. "Wannan ban riƙe ki da shi ba. Ki bar wayar a haɗe, tunda ita ta yi rana. Amma shi mai gyaran, namiji ne?"

"Namiji ne. Shi ne wanda zai... wanda yake nemana."

"Da ya shiga ya haɗa wayar, a ina hotunan suke?"

"Suna ciki."

"Ya gani?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na ga ashe ban tambaye shi ba. Jiya na yi masa tambaya a kan kamfanin da ke bayan teku, ban yi masa a kan idonsa da ke gabana ba. Sai a lokacin na tuna yadda na rufe kwamfutar a gurguje ranar fanka, ban fita daga manhajar ba.

"Ban sani ba, Hajiya."

"Tambaye shi. Ina nan."

Na ciro wayata. Na rubuta: "Ranar fanka, da ka sa lambar sirrina, me ka gani a allo? Don Allah gaskiya."

Ya karanta nan take. Aka nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Agogon bangon Hajiya yana ta ƙas-ƙas. A raina ina roƙon ya ce bai ga komai ba, ina kuma roƙon kada ya yi min ƙarya, ban san wanne Allah zai karɓa ba.

"Hoto ɗaya ne a buɗe. Wata dattijuwa tana rawa ba ɗankwali. Na rufe da sauri, ban buɗe wani ba, na rantse. Ban gaya miki ba don kada ki damu."

Na karanta sau biyu. Hajiya ba ta iya karatun boko sosai, da na ce mata bai gani ba, da shi ke nan. Na ɗago.

"Ya ga guda ɗaya, Hajiya."

"Na wa?"

Na buɗe kwamfutar na nemo shi, na juya mata allon. Ba ta taɓa ganinsa ba, don Rumasa'u ta roƙe ni in ware shi daga na rabo, tana so ta sa a wanke shi babba ta kawo mata da kanta. Hajiya ta gyara tabarau ta matso. Ta daɗe tana kallon matar nan mai farin shuku da hannu a sama. Ta kai yatsa kamar za ta taɓa fuskar, ta fasa.

"Ashe haka nake," ta ce, ba da ni take ba. "Alhaji kaɗai ya san wannan matar."

Na sunkuyar da kai.

"Goge shi."

"Hajiya, Rumasa'u ta ce..."

"Na san abin da za ta ce. Goge shi a gabana. Da na cikin kyamarar, da duk inda kika ajiye."

Na goge. Na shiga kwandon shara na kwamfutar na sake gogewa. Na ciro katin kyamara na goge, na jona ma'ajiyar da nake adana aiki na goge na can. Kowanne sai kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, ni kuma in ce na tabbata, hawaye na ɗiga a kan maɓallan. Hajiya ba ta kau da kai ba har na gama.

"Da kin yi shiru, da ban sani ba," ta ce.

"Na sani, Hajiya."

"Bikin ƙanwar Rumasa'u yana nan bayan Babbar Sallah. Ke za ki ɗauka, ban da wata." Ta jawo mayafinta ta rufe kai sosai, ko da yake daga ni sai ita a falon. "Amma in an kafa ƙwarya kada ki neme ni a fili. Na gama."

Na yi mata sallama na fito. A soro na tsaya saka takalmi, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Rumasa'u, sai wayar ta yi ƙara. Somto ne.

"Mama ta kira ni ta ce Asabar ta yi. Ban ce wa su Kawu komai ba tukuna. Ke nake jira. Su taho?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ina kallon saƙon. Yau dai ya tambaye ni kafin ya yi. Har na iso Sabon Gari, har na zauna na rubuto muku wannan, ban ba shi amsa ba.